Ranar da Na Tsotsi Allon Teku

Yayana ya aike ni unguwar Alajo in duba masa allon hawan igiyar ruwa na hannu kafin ya saya. Ko iyo ban iya ba, amma na gani a waya: ka tsotsi tsagar jikinsa, in ka ji gishiri, ruwa ya ɓata shi.

Na durƙusa gaban jama'a, na kafa baki na zuƙa, har na haɗiye.

"Ba gishiri!" na sanar.

Mai allon ya dafe kai. "Maigida, cikin kwata muka ciro shi bayan ambaliya."

Na daɗe ina sauraron cikina, da ya yi ƙugi sai in kama salati. Har yau in kwata ta toshe a Nima, sai yayana ya ce, "Ku kira ƙanena, ya zo da bakinsa."