Ranar da Mai Girma Ya Danna Enta

Jama'a, na karanta littattafan soyayya ba iyaka. Na ga masoyan da teku ya raba, na ga waɗanda yaƙi ya raba. Wanda maɓalli ya raba kuwa, sai jiya na gan shi, a madubi.

Yayan masoyiyata, da ke aiki a ƙasar waje, ya yarda mu gana ta bidiyo kafin azahar, ya auna ko na isa a ba ni ƙanwarsa. Kyamarar wayata a fashe take, sai na buɗe kwamfutar ofis, na gyara kwala, har turare na fesa. Kira ya ƙi shiga.

Na ruga wurin Injiniya, mai kula da kwamfutocinmu duka daga teburinsa.

"Katangar tsaron kwamfuta ce ta tare ka," in ji shi. "Layi ɗaya ake rubutawa a baƙin allon nan, dokokinta su fito, mu ga wadda ta shaƙe ka, mu sassauta."

"To rubuta mana, ɗan'uwa! Aurena na hannunka."

"Ai na rubuta tuni. Danna maɓallin Enta ne ba ni da izini."

Ashe Mai Girma Babban Mai Sa Hannu ya yi doka: duk umarnin da zai leƙa kwamfutocin ma'aikata, yatsansa mai albarka ne zai danna, a gaban kwamiti. Kuma jiyan ce ranar bikin dannawar.

Allah ya ƙara wa shugabanninmu basira! An jera kujeru, an kawo lasifika, an ɗaura wa kwamfuta jan ƙyalle. Ina ta leƙa agogo, Anti Akawu ta zungure ni.

"Ango, kwantar da hankalinka. Mataimakin mataimaki ma bai yi jawabi ba."

Sai da aka idar da azahar Mai Girma ya iso, ya ɗaga yatsa, ya tambaya, "Wanne ne Entan?" Aka nuna masa. Dokoki suka zubo kamar ruwan sama, aka kaure da tafi.

"Rubutun ya yi ƙanana," in ji Mai Girma. "A buga a takarda, kwamiti ya yi nazari."

Nan saƙon masoyiyata ya shigo: "Yaya ya jira har ya gaji. Ya ce wanda ya kasa cika alkawarin kira, ba shi zai riƙe gida ba. Kar ka sake nemana."

Yau da safe na ga hotona a allon sanarwa, ina tsaye bayan Mai Girma, fuska sharkaf. A ƙasa an rubuta: "Ma'aikaci na hawayen murnar ci gaba."