Karen da Na Zaɓo wa Hawa na Huɗu

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da Juma'ar nan ba. Lokacin ina haris, wato mai gadi, a wani bene mai hawa biyar a unguwar Zahir ta Makka. Mai benen, Ammi Sa'ad, shi ne kafil ɗina, wato ubangidan da ya tsaya mini, igamata, takardar izinin zamana a ƙasar, a hannunsa take. Dokarsa guda ce: ba a ajiye dabba a gidansa, in kuma aka kama, haris ne zai fara ɗaure kayansa zuwa Najeriya.

Wata rana Duktur Hisham, likitan haƙori da ke hawa na huɗu, ya tare ni a wajen ajiye motoci yana waige-waige. Wai 'yarsa ta hana shi sakat sai an kawo mata kare. Irin ƙananan nan masu gashi yake so, waɗanda ba sa girma kuma ba sa haushi, su zauna a shagga, wato sashensa na benen, ba wanda ya sani. Abin da ya roƙe ni bai taka kara ya karya ba: in ya sayo daga Jidda, in kau da kai.

Mai hankali zai ce to ko a'a, ya yi shiru. Ni sai na buɗe baki.

"Duktur, ina nan za ka je Jidda neman kare? Ni fa jikan sarkin dawa ne. Ka bar mini, ma fi mushkila, ba matsala."

(Gaskiya ne kakana mafarauci ne. Ni dai ko gafiya ban taɓa kamawa ba.)

Na je wani wurin gini a hanyar Mina inda 'yan garinmu ke aiki, don na ji wata karya ta haihu a bayan tarin bulo. Na yi musu irin gwajin da na ga kakana yana yi: ka kama kwikwiyo ta fatar wuya ka ɗaga shi sama. Biyar suka tsala ihu. Na shida ya yi tsit, yana kallona cikin ido. Na ce alhamdu lillahi, ga wanda ba ya surutu. Abin da ban tuna ba, kakana karen da zai tari mugun dawa yake nema da wannan gwajin, ba wanda zai kwanta a kan kushin ba. Tafin ƙafarsa kuwa ya kai murfin kofi. Da Duktur ya tambaya, na ce ai alamar asali ce.

A kwalin ruwa na hau da shi. Yarinya ta sa masa suna Lulu.

Wata huɗu, Lulu ya zama ɗan maraƙi. Ya cinye kushin, ya ɗora da labule. Asansir, wato lif ɗin benen, na motsi zai amsa da murya irin ta mai shela. Da yake ni ne gwani, ni ne mai kai shi rufin bene da safe ya sha iska, ni ne mai ba shi ragowar shinkafar kabsa. Jikan sarkin dawa ya koma kwasar kashin kare da leda.

Hajiya Kaltume ta hawa na uku, Bahaushiya haifaffiyar Makka wadda kakanninta suka zo ta Sudan, ita ta fara tsare ni.

"Ya waladi, esh hada? Mene ne wannan, ɗana? Kare nake ji a bisa kaina."

"Talabijin ne, Hajiya. Duktur na son shirin namun daji."

"Talabijin mai farce? Tayyib."

Wannan "tayyib" ɗin, wato "to, madalla", ya kamata ya firgita ni. Amma ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, ni kuwa furen nake ta shaƙa.

Ranar Juma'a na yi wanka, na sa fara ƙal ɗin jallabiyata, na fesa turare. Ina fitowa na tarar da Ammi Sa'ad a bakin ƙofa, Hajiya na gefensa, mazauna benen sun taru za su masallaci, har da Duktur da daddumarsa a kafaɗa.

"Ya Muhammad," in ji Ammi Sa'ad (ba sunana ba ne, amma a wurinsa duk ma'aikaci Muhammad ne), "fi kalb? Akwai kare a gidana?"

Na dafa ƙirji. "Ma fi, Ammi, babu. Abadan. Ni da kare ko a hanya ba ma gaisawa."

Ban rufe baki ba muka ji farce a kan matakala. Ashe yarinya ta bar ƙofa a buɗe. Lulu ya sauko da gudu, jama'a suka dare, wani dattijo ya bar takalminsa ɗaya. Kare bai kalli kowa ba. Ya wuce mutum goma sha, ya zo ya ɗora ƙafafunsa a kafaɗuna, ya lashe ni daga haɓa har hula, jela na kaɗawa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Na juya wajen Duktur ko zai ce wani abu. Ya ce kuwa.

"A'uzu billahi! Wannan na wane ne?"

Hajiya ta yanke hukunci nan take: wanki bakwai, ɗaya da ƙasa. Na san a mazhabarmu ta gida akwai sassauci, amma mutumin da yawun kare ke ɗiga daga gemunsa ba ya ba da fatawa. Benen duk tayil ne, sai daga tukunyar fulawar Ammi Sa'ad na ɗebi ƙasar, ina goga wa fuskata a gabansa.

Ya daɗe yana kallona. Ni kuwa ina ta lissafin abin da zan ce wa mahaifiyata in ta gan ni da jaka. Sai ya ce ba zai kore ni ba. Yana da garken tumaki a bayan gari, kuma ya jima yana neman mai gadi da kare.

"Ga su Allah ya haɗa mini," in ji shi. "Khalas, shi ke nan, ku tafi tare."

Shekara biyu muka yi a can, ba inuwa ba maƙwabci. Lulu ya yi ƙiba, ni na rame.

Saboda haka in wani ya tare ka yana tambayar wane irin kare ne ya dace da zaman bene, kada ka tuno kakanka. Ka ce masa kyanwa.