Lamba Arba'in da Bakwai Tana Barci

Ko tsufa ya sa na manta sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da Larabar da na tsayar da jirgin ruwa sukutum da minsharina ba.

Bara ne makaranta ta ce kowa ya nemi wurin da zai yi sati guda yana ganin yadda ake aiki. Ƙawayena suka samu ofisoshi masu kafet a Aldwych, can tsakiyar Landan. Ni kuwa Baba ya damƙa ni ga ƙanwarsa, Gwaggo Hajara, wadda take aiki a wani wurin gyaran jiragen ruwa a bakin kogin Thames, gaba kaɗan da Deptford. Aikinta shi ne ta tabbatar duk wanda ya shigo da yatsu goma ya koma gida da goma, kuma ko ɗigon baƙin mai bai faɗa kogi ba. Gajeriya ce (hular kwanonta a kan ɗankwali take zama kamar murfin tukunya), amma in ta doso, ƙarti masu gemu har ƙirji sai ka ga suna laluben tabarau da safar hannu.

"Sai da na roƙa aka yarda ki zo," in ji ta a ranar farko. "Kada ki zubar mini da mutunci."

"Haba Gwaggo, ni?"

"Ke ɗin fa. Wa ya wuce tasharsa a jirgin ƙarƙashin ƙasa har sau uku saboda kallon taga? Tagar da ba a ganin komai sai duhu?"

Wurin yana da wani ƙaton rami na siminti da suke kira dok, mai ƙofa ta ɓangaren kogi. A shigo da jirgi, a rufe, a zuƙe ruwan, jirgi ya zauna a kan katakai a yi masa gyara. In an gama a sake cika ramin ya fita. Fitar kuma tana da lokaci, don ruwan Thames cika yake ya janye, kuma ba ya jiran kowa.

A bakin matakalar ramin akwai allo, rabi ja, rabi kore, da ƙusoshi. Kowa yana da 'yar lambarsa ta ƙarfe. Za ka sauka, ka rataye ta a ja. Ka hau, ka mayar da ita kore. Ba mai taɓa ta wani, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Muddin akwai lamba ɗaya a ja, ba a sakin ruwa. Tawa arba'in da bakwai ce.

Ranar Laraba za a fitar da wani farin jirgin yawon buɗe ido da ya yi sati uku a ramin. Da hantsi na bi Gwaggo muka sauka zagayen ƙarshe, tana leƙa kowane lungu, tana tsintar tsumman mai. Tsayuwa a ƙarƙashin jirgi wani abu ne daban. Cikinsa ya rufe sama kamar hadari, iska na warin fenti da laka, murya na dawo maka a hankali. Nan kaina ya fara tashi.

"Hau ki ci abinci," in ji Gwaggo. "Ki juya lambarki. Kin ji ni?"

"Na ji."

Na ji ɗin kuwa. Sai dai ina kaiwa saman matakala rana ta fito, abin da a Landan ya cancanci a yi masa walima. Kogin nan mai kalar kunun kanwa ya koma azurfa. Tsuntsaye na shawagi, wani jirgi na wucewa can nesa ba ko ƙara. Na wuce allon kamar ban taɓa ganinsa ba.

A bayan shagon walda akwai wani tsohon kwalekwale da aka jingine, yana fuskantar ruwa. Na shige ciki da burodina. Ƙarar injina ta dame ni, sai na sa abin toshe kunnen da aka ba ni (kun ga ai ina bin doka). Na yi matashi da rigar ruwa. Kafin in gama burodin na zama kyaftin. Na kwance jirgina daga Deptford, na ratsa teku a kan ruwa mai laushi kamar man shanu, kifaye na sara mini. Na shiga kogin Kwara ta ƙasa, na wuce Lakwaja, na haura har Yawuri. Kakata na tsaye a gaɓa da ƙwaryar fura, tana tambaya ko jirgin zai ɗauki awakinta. Na ce har da kajin. Muka tashi sama gaba ɗaya, jirgi da awaki, muna bi ta cikin gajimare.

Abin da ya faru a duniyar mutane kuwa, daga baya aka ba ni labari. Ruwa ya cika, kowa ya hau, masu igiya sun tsaya a wurarensu. Mista Dave, shugaban dok, ya dubi allo: ja babu komai sai arba'in da bakwai. Ya ce da Gwaggo yana tsammanin ya ga yarinyar ta hau.

"Tsammani ba ya buɗe mini ƙofa," in ji ta.

Aka busa jiniya. Aka kira wayata, tana ta ruri a cikin lokar ajiye kaya. Mutum ashirin da wani abu suka bazu, har banɗaki da kwandon shara an duba (na ji zafin wannan). Gwaggo ta koma ramin da kanta, ta bi ƙarƙashin jirgin da rarrafe, katako bayan katako, tana kiran sunana. Mai jirgin kuwa yana bakin ramin yana duba agogo yana jan gashin da ba shi da shi.

Baba Isiyaka ne ya gano ni, wani dattijo mai walda, mutumin Kumasi. Ya ce minshari ya ji, ya ɗauka famfo ne ya lalace. Ya ɗaga abin kunnena ɗaya.

"Kai! Yarinya! Kai na nan kai na kwana? Gwaggonka na ƙarƙashin jirgi yana neman gawanka!"

"Baba, mun iso Yawuri?"

"Yawuri? Tashi, kai zai ga Yawuri yanzu."

Tafiyar daga kwalekwale zuwa allon ba ta fi taku hamsin ba, amma na rantse ta fi ta Yawurin nisa. Duk ma'aikata sun jeru. Kowa ya zuba mini ido. Igiyar rigar ruwa ta zana mini layi a kumatu, ga busasshen miyau, ga ɓarɓashin burodi a hijabi. A bayansu ina hango bangon kogi, ruwa ya riga ya sauka ya bar jiƙaƙƙen tabo. Jirgi sai gobe.

Sai ga Gwaggo ta hauro, laka tun daga goshi har takalmi. Na shirya wa tsawa, na ma fara haɗa hawaye. Ba ta yi ba. Ta juya tata lambar, ta kama kafaɗuna biyu ta matse. Ta dube ni sama da ƙasa kamar mai ƙirga gaɓoɓi. Sannan ta nuna allo.

"Ba mai cire miki. Je ki."

Na ɗauke 'yar lambar na rataye a kore. Ta yi ƙara, ƙil, kuma na tabbata har can Regent's Park, a ɗaya gefen gari, an ji. Wani ya fara tafi, sauran suka ɗauka. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

A bas, da muka kusa gida, Gwaggo ta juyo ta dube ni.

"Mista Dave ya ce gobe da safe ke za ki yi wa ma'aikata bayanin allo. Minti biyar."

"Gwaggo, don Allah a yi cancel. Zan wanke miki kwanuka har in yi aure."

"Da nakan ce musu ko 'yar cikina ce a allon nan ba zan saki ruwa ba, dariya suke yi. Yau sun gani." Ta goge lakar da ta rage a kunnenta. "Amma ki sake, ni zan jefa ki a kogin."

Na yi bayanin, Baba Isiyaka na yi mini minshari daga baya. Mafarkin rana kam ban daina ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da na koya shi ne, in za ki Yawuri ta cikin gajimare, ki fara sallamar mutanen ƙasa tukuna.