Sirdi Ɗaya, Hula Biyu

Ranar Litinin da hantsi aka kama mini babur a bakin kasuwar kifi ta Malindi, ina zaune a kansa, inji a kashe, ina cin mahamri, wani irin fanke, da shayi. Ban yi gudu ba, ban taka kowa ba, ko motsi ban yi ba. Wasu ƙarti masu koren riga suka diro daga bayan a-kori-kura, babbansu ya zare makullin kamar tare muka haɗa kuɗi muka saya.

"Mzee, ina hular fasinja?" Mzee dai dattijo ke nan a yaren garinmu.

Na dafa hular kwanon da ke kaina. "Ga hula."

"Wannan taka ce. Doka ta ce kowane ɗan boda, mai haya da babur, hula biyu."

"Bwana, ranka ya daɗe, ni ba ɗan boda ba ne. Dubi babur ɗin da kyau, sirdi ɗaya gare shi. Fasinjan a wuyana zai zauna?"

Ya zaga baya, ya ga babu komai sai jan ƙarfe mai sheƙi da 'yar fitila, ya gyaɗa kai. "Ato. Laifi biyu ke nan. Babu hular fasinja, babu wurin zaman fasinja."

Kafin in haɗiye lomar da ke bakina sun cicciɓe ta sun cilla kan tarin baburan mutane. Na ce "ta", don sunanta Sinyora. 'Yar Italiya ce, ja, kuma ta girmi duk ƙartin nan da suka ɗauke ta. Na saye ta hannun tsohon maigidana Ettore, wanda na daɗe ina dafa wa baƙinsa taliya a otal, lokacin da gwiwoyinsa suka gaza ya tattara ya koma ƙasarsu. Ba zan yi muku ƙarya ba, hali gare ta. Tana ɗigar da baƙin mai duk inda ta kwana. Giyarta a dama take, birkinta a hagu, saɓanin baburan duniya. In aka yi ruwa sai na buga kik har ƙafata ta sage kafin ta amsa. Ƙarfe ɗaya ya lalace, sai an aika ƙetare, a zauna jira kamar ana jiran ruwan famfon da aka yi mana alkawari lokacin zaɓe.

Amma sirdinta ɗaya, kuma abin da ya sa na mutu a kanta ke nan. A garin nan duk mai ƙafa biyu na kowa ne. Suruki zai tare ka, maƙwabci zai ɗora maka buhun gawayi, matarka za ta ce ka sauke ta gidan biki ka jira ta. Ni kuwa sai in nuna bayan Sinyora in ce, "Wallahi da na so." Gidana cike yake da jikoki da rediyo da surutu. Wurin da nake zama ni kaɗai a duniyar nan shi ne wannan sirdi, ranar Lahadi, kan hanyar Mambrui, iskar teku na dukan fuskata.

To, ashe Mai Girma Uban Almakashi, mai mulkin garinmu, wanda ko rijiya aka yashe sai ya zo ya yanke ƙyalle, ya kafa Kwamitin Ladabtar da Babura. Allah ya ƙara masa basira. Ramukan hanyarmu sun tsufa har yara sun raɗa musu suna, amma shi da hangen nesansa ya gano hula ce matsalar gari. Ya yi shela cewa duk babur ɗin da ba a fansa ba zuwa Asabar, za a bi ta kansa da katafila a filin ƙwallo, a gaban 'yan jarida.

Washegari na tafi ofishin kwamitin. Wata baiwar Allah na zaune bayan tebur tana ɓarar gyaɗa. Na gaishe ta gaisuwar da ban taɓa yi wa uwar matata ba.

"Ka zo da shugaban tasharku ya tsaya maka," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Mama, ba ni da tasha. Babur ɗin hawana ne."

"Hawa zuwa ina?"

"Ko'ina. Shan iska."

Sai a nan ta ɗago ta dube ni, da tausayi. "Mzee, mu a nan babur iri ɗaya muka sani, boda. Wanda ba shi da tasha ba shi da babur."

Kun ji fa. Domin in karɓo babur ɗin da aka kama bisa zargin ni ɗan boda ne, sai na zama ɗan boda tukuna.

Na haɗiye girman kaina na nufi tashar bakin kasuwa wurin shugabansu, Thoya, yaron da na sani tun yana yawo ba wando. Yana kishingiɗe kan babur ɗinsa yana sakace. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya tashi zaune, ya kira sauran su matso.

"Jama'a, ga Baba Sidi, Baturen unguwa. Shekara da shekaru yana wuce mu hanci a sama, ko hon ba ya yi mana. Yau yana neman riga."

Suka yi dariyarsu ta ishe su. Na tsaya kamar wanda aka kama da kazar maƙwabci.

"Za mu karɓe ka, Baba, kai namu ne," in ji Thoya. "Amma ban taɓa tsaya wa babur marar mazaunin fasinja ba. Ranar da aka sa mata sirdi na biyu, ranar ka zama ɗan tasha."

Da yamma na kai kukana wurin maƙwabcina Mzee Athumani mai sayar da kofi a bakin masallaci. Ya zuba mini mai ɗaci, ya ce, "Kai ma dai, kamar baƙo. Ba su na shayi mana, ɗan abin sawa a aljihu."

"Na gwada. Sun ƙi."

Ya ajiye butar. "Sun ƙi shayi? Su ɗin?"

"Sun ce ita aka zaɓa a fara takawa. Wai duk filin babu babur mai kyau a hoto kamarta."

Gaskiya ne kuwa, na leƙa ta katanga na gani da idona. An jera baburan talakawa baƙi-baƙi a baya, ita an tsayar da ita gaba, har an goge mata tanki. Tun da na saye ta gwamnati ba ta taɓa yi mini hidima irin wannan ba. Daren nan tuwo bai wuce mini ba. Mama Sidi, matata, ta ce, "Mutum da jikoki yana ƙin abinci saboda ƙarfe." Ni kuwa tsoro nake ji, tsoro na gaske.

Ranar Juma'a na sallama. A daidai ƙofar filin da ake tsare baburan akwai rumfar wani mai walda, Kenga, wadda aka kafa mako guda da kafa kwamitin. An ce ƙanin matar wani babba ne, amma ni ban ce ba. Mai gadi ya buɗe masa ƙofa ko tambaya babu. Ya shigo da sirdin wani mataccen babur a hammata, ya zagaya Sinyora yana tsaki.

"Wannan gindin nata sai an yanke shi, Mzee. Turawan nan ba su san kan babur ba."

"Ba yadda za a ɗaura shi da igiya, a yi hoto, a kwance?"

"Shugaban tasha zai hau ya gwada. Riƙe mini ita kar ta motsa."

Na riƙe ta. Da hannuwana biyu na riƙe ta, ya kafa mata zarto. Jan ƙarfen nan da nake gogewa da tsohuwar singiletina kowace safiya ya faɗi ƙasa da 'yar fitilarsa. Ya liƙa wani baƙin dogon sirdi, waldar ta yi tsiro-tsiro kamar ƙuraje. Na yi kuka, ban ɓoye ba. Kenga ya ce hayaƙi ne, kowa haka yake yi.

Thoya ya zo ya hau baya, ya yi tsalle-tsalle, ya ce ta yi. Aka ba ni riga mai ƙyalli da lamba a gadon baya. Aka ce amma ba za a sake ta ba sai gobe a wurin taro.

Asabar filin ƙwallo ya cika. An kafa rumfuna, an yi hayar kujeru da makaɗa, an kawo lemo kwali-kwali. Mai Girma ya iso bayan rana ta gama gasa mu. Aka jira katafila. Aka ƙara jira. Can wani ya raɗa masa magana a kunne. Ashe katafilar tana can tana share wani fili a bakin teku, kuma man da aka ware mata ya ƙare a can. Nan take Mai Girma ya tashi ya ce, saboda tausayin talaka da ke cikin jininsa, ya yafe wa kowa, kowa ya ɗauki babur ɗinsa ya tafi. Har waɗanda ko leƙa ofis ba su yi ba.

Sannan aka kira ni gaba. Ya dafa kafaɗata ya ce wa 'yan jarida, "Ga dattijon ɗan boda da ya tuba ya bi doka." Ya miƙa mini sabuwar hula, muka riƙe ta tare, aka ɗauki hoto, wani ya karɓe ta ya mayar cikin kwali.

An ce kwamitin ya yi nasara, kuma ni shaida ne. Ko babur ɗaya ba su taka ba. Duk garin nan babur ɗaya aka lalata a makon, kuma mai shi ne ya riƙe.

Saboda haka in kun ga wani tsoho da riga mai lamba a kan jar babur mai baƙin gindi, ku ɗaga hannu, dokar tasha ta hana ni wucewa. Sai dai ku taho da hularku, tawa ta biyun tana cikin jarida.