Yajin da Ya Tashi Zauren Jarrabawa

Ba zan taɓa mantawa da ranar jarrabawar lissafi ba, kuma ko na so in manta, matan unguwarmu ta Rusaifa ba za su bari ba. Har yau in na shiga gidan biki sai wata ta toshe hanci da bakin mayafi ta yi atishawar ƙarya, sauran su kwashe da dariya. Su yi ta yi. Ni dai gara ku ji labarin daga bakina, don wanda ke yawo a unguwa an ƙara masa gishiri har ya yi yawa.

A nan Makka aka haife ni. Kakana ne ya tako da ƙafa daga Kano, ya sauke farali, ya ce ƙafar ta gaji, ya zauna a unguwar Jarwal. Na yi makaranta har ajin ƙarshe na sanawiyya, wato sakandare, sai mahaifiyata ta kwanta ciwo. Ni ce babba, na ajiye littafi na ɗauki tukunya. Daga nan aure, daga nan 'ya'ya, daga nan turmi. Maigidana tsire yake sayarwa (Larabawan nan "sire" suke ce masa, suna ci suna hawaye suna neman ƙari), ni kuwa ni ke haɗa masa yaji: ƙuliƙuli, citta, masoro, kanumfari, da wani barkono da ba ya jin magiya. Shekara da shekaru ina dakansa a kan rufin gidanmu, har hancina ya daina sanin ana yi.

Amma shahadar nan, takardar gama makaranta, da ban karɓa ba ta tsaya min a maƙoshi. Shekarar da 'yata Amal ta kai ajin ƙarshe na ji labarin tsarin manazil, wato ki yi karatunki a gida, in jarrabawa ta zo ki je makaranta ki zauna da ɗalibai. A lokacin ciwon sukari ya fara taɓa min ido, ƙananan rubutu sun fara yi min rawa. Na san in bana ta wuce, shi ke nan, ba zan ƙara iya zaman littafi ba. Na je na yi rajista. Da aka fito da sunaye sai ga ni a makarantar su Amal, zaure ɗaya da ita.

Kafin a fara, mudira, shugabar makarantar, ta kira ni ofishinta. Mace ce mai sanyin murya, irin sanyin da ke ƙara min zafi. Ta ce ta ga bayanin likita, don haka sun sa ni a lajna hassa. Ɗaki ne na musamman da ake warewa masu lalura: ana ƙara musu lokaci, ana buga musu tambayoyi da manyan baƙaƙe, mai kula da lafiya tana zaune a gefe, ka ci abinci in ka ga dama, ka tashi in ka gaji. Ta lissafo duka tana murmushi kamar ta ba ni kyautar gida.

Na ce mata na gode, amma ba na so. Na ce ban bar turmina na zo a lallaɓa ni ba. Zauren da kowa zai zauna, nan zan zauna, agogon da ya buga wa kowa shi zai buga min, don kada gobe wata ta ce shahadar tausayi aka ba ni. (Na faɗi wannan da Larabcin da na tanada tun a mota, har da ɗaga yatsa.) Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce to. Sharaɗinta ɗaya: in zauna a layin baya, in riƙe ɗan dabino ko lemon kwali, in jikina ya motsa in ci ba tare da na dami kowa ba. Na ce wannan ai ba komai ba ne.

A gida ne aka yi ta. Amal ta biyo ni har kicin, da Hausarta da rabinta Larabci ne, ta ce, "Ummi, Allah ya bar min ke, ki karɓi ɗakin nan." Ta faɗa yau, ta faɗa gobe, har da ƙwalla. Ni kuwa nan take na yanke hukunci: kunyata take ji. Ba ta son ƙawayenta su ga tsohuwa mai ƙunshi a yatsu tana laluben tabarau a bayansu, su ji an ce uwarta ce. Wallahi abin ya ƙona min rai, na kwana biyu ba na cin abincin da ta dafa. Na ce mata kada ta damu, daga ƙofar makaranta ban san ta ba, ba ta san ni ba. Da ma sunan ubana nake amsawa, ita tana amsa na nata, ba mai haɗa mu. Ta buɗe baki za ta yi magana, na kunna injin markaɗe.

Haka muka yi ta zuwa, mota ɗaya, ƙofa daban-daban. Jarrabawar farko ta wuce lafiya, ta biyu ma haka, kaina ya fara girma. 'Yan matan suna ce min Hala, wato inna, suna matsa min hanya. Na zaɓi kujerar da ke daidai gaban mukayyif, wani ƙaton abin sanyaya ɗaki da ke tsaye a kusurwa yana hura iska daga baya har gaban allo. Matan da suka kai shekaruna sun san dalili, ba sai na faɗa ba. Amal tana can tsakiya, ina hango ƙeyarta, ko waiwaye ba ta yi. Na ce a raina, yi zamanki, yarinya.

Sai ranar lissafi. Da asuba na yi allurar sukarina amma na kasa karyawa. Da zan fita na dubi dabinon nan na ce, yau kam ba ranarka ba ce, lissafi sai da nama. Akwai ragowar tsiren jiya a firij, na naɗe a takarda. Tsire kuwa ba yaji ai cin fuska ne, sai na ɗebi sabon daka, wanda ko maigidan bai ɗanɗana ba, na ƙulle a 'yar leda, na ja ƙullin da kyau don kada ya zube a jaka. (Ku riƙe maganar ƙullin nan.)

An raba takardu, zaure ya yi tsit, ba ka jin komai sai mukayyif da takun Abla Nadiya, malamar da ke tsaron mu. Na yi tambaya ta farko, na kama ta biyu, sai na ji gumi mai sanyi ya karyo min. Lambobi suka fara hawa kan juna. Na san alamar, sukari ne ya faɗi. Na zaro tsiren a hankali na shimfiɗa a cinya, na zaro ledar yaji. Na ja ƙulli, ya ƙi. Na sa farce, yatsu suna rawa, ya ƙi. Mai hankali da sai ta ci namanta haka nan. Ni kuwa na ce yaji da na daka da hannuna ba zai gagare ni ba, na ɗaga ledar sama, na sa haƙori na fizga.

Ledar ta fashe a daidai bakin mukayyif.

Ina kallo wani jan hayaƙi ya tashi ya bi kan 'yan mata. Layin gabana ne ya fara, atishawa ɗaya, biyu, sai layi na gaba ya karɓa, sai na gabansa, har ta kai ga allo. Masu tari na yi, masu hawaye na yi. Abla Nadiya ta buɗe baki za ta ce a yi shiru, atishawa ta ƙwace maganar, kwallinta ya gangaro har haɓa. Wata yarinya ta yi ihu wai gas ne ke yoyo, ai kuwa zaure ya watse. Aka bar takalma, aka bar alƙaluma, aka yi tsakar makaranta cikin ranar Makka da ta fara dukan ƙeya. Ni ma na bi su a hankali ina dafa bango, da tsirena a hannu, don ko a wannan hali ban ga dalilin barin nama ba.

Mudira ta fito da gudu, ta shiga zauren, ta fito tana atishawa ita ma. Ta ce wannan ba gas ba ne, shatta ce, barkono. Ta tambaya wa ya shigo da shi. Ba a ma bukatar amsa. Baƙar abayata ta koma ja daga wuya har gwiwa, ga ragowar leda a leɓena. Abin da ya fi tona min asiri kuwa, duk filin nan kowa na sharɓe hanci, ni ko ƙwalla babu. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige, in ja ta in rufe.

Mudira ta tako gabana, sanyin muryar nan duk ya tafi. Ta ce ta ba ni ɗaki na ƙi, ta ba ni dabino na ƙi, yanzu na tashi jarrabawar ɗalibanta gaba ɗaya. Ta ce dokar wanda ya hargitsa zaure a bayyane take, tana da ikon soke min komai. Na ji kalmar sokewa har cikin ƙashina. Duk daren da na yi ina matse ido a kan littafi, ga shi zai tafi a kan ƙullin leda. Na so in ba ta amsa, don ban saba a faɗa min in yi shiru ba, amma sukarin da ya faɗi ya riga ni, na fara tangaɗi.

Sai Abla Nadiya, tana share ido, ta nuna can gefe ta ce akwai wata ma da ba ta atishawa, ko tare suke? Kowa ya juya. Amal ce tsaye, idonta garau. Yarinyar da aka goya a gindin turmi, ina yaji zai kama ta? Na yi mata alama da ido ta yi zamanta, kada ta jefa tata jarrabawar cikin tawa. Ba ta ko dubi alamar ba. Ta ratso ƙawayenta, ta riƙe ni, ta zaunar da ni a kan dakali, ta ce da ƙarfi yadda na ƙarshen fili zai ji:

"Ummina ce. Sukarinta ne ya faɗi. A kawo lemo."

Aka kawo. Ta ɗura min, ta warware takardar tsiren, ta dinga yagowa tana sa min a baki a gaban mudira da malamai da ajinsu duka. Da na ɗan dawo hayyacina na ce mata ƙasa-ƙasa, ai ga shi abin da take gudu ya faru, na ba ta kunya. Ta dube ni da jajayen idanu, kuma ba yaji ne ya ja su ba.

"Wace kunya, Ummi? A zaure in na tashi daga kujera an soke takardata. Kullum ina rubutu ina sauraron bayana, ko za ki faɗi ina zaune ba ni da ikon zuwa. A ɗakin can akwai mai duba ki. Shi ke nan abin da nake ta son faɗa miki, kika kunna injin markaɗe."

Ni da bakina bai taɓa mutuwa a Rusaifa ba, ranar ya mutu.

Daga baya mudira ta ce a buɗe tagogi, a share zaure, a ƙara wa kowa lokacin da ya ɓata ('yan matan har da masu yi min addu'a, don lissafin ya yi musu tsauri). Ni kuma ta ce zaɓi biyu ne: lajna hassa, ko gida. Na miƙe na gyara abayata mai ja, na ce da ma can nake shirin zuwa. Aka raka ni ina tafe ina zubar da yaji a hanya.

A ɗakin na tarar da wata mai karyayyen hannu tana faɗa ana rubuta mata, da wata mai raunin ido da hancinta ke kusan taɓa takarda. Ba wadda ake lallaɓawa. Tambayoyin su ne dai na zaure, ba a rage ko ɗaya ba, sai dai an buga su manya-manya. A karon farko tun da aka fara jarrabawar na ga lambobi sun tsaya wuri ɗaya. Na zauna na yi abin da zan iya.

Na ci lissafi da ƙyar, irin cin da ba a nuna wa maƙwabta. Amma na ci. Shahadata tana rataye a falo kusa da ta Amal, kuma tawa ce a sama, don ni na riga ta fara ajin. 'Yan matan nan har yau in sun gan ni a kasuwa Hala Shatta suke kira na, ina kuma amsawa. Abla Nadiya ma ta aiko a sayar mata da yajin, na ba ta kyauta, na ƙulle ledar da kyau.

Ba na cewa na yi nadamar zama a zaure, kuma ba wadda za ta sa ni in faɗa. Abin da na koya dai shi ne, in za ki yi taurin kai, ki barbaɗa yajinki tun daga gida. In kuma 'yarki ta buɗe baki za ta yi magana, ki bari ta gama kafin ki kunna injin markaɗe.