Nomau da Duniyar Ƙanƙara

A ƙauyen Rafin Gawo an yi wani bawan Allah wai shi Nomau, irin mutumin da in ka ce masa ya tsaya nan, to sai ka dawo ka sallame shi. Daga shi sai matarsa Kuluwa, sai wani fako da ya gada, ƙasa kamar daɓe. Yayansa Barmo ya rantse in damina ta wuce babu ko zangarniya, masu bulo zai sayar wa. Abin ya tsaya wa Nomau a rai, don shi ke nan abin da ubansa ya bar masa.

Wata rana 'yar Barmo, Hansatu, malamar kimiyya a birni, ta zo gaisuwa. Cikin hira ta ce can nesa a sararin samaniya akwai wasu watanni irin namu da ƙanƙara ta lulluɓe, masana na nazarin ko za su gyaru har a yi noma: a narka ƙanƙarar da manyan madubai, a samar da iska, a tura ƙananan halittu, ɗan Adam kuwa sai can ƙarshe. Da wasa ta ce, "Baffa, in can ya gyaru, fakonka ma zai gyaru." Kowa ya yi dariya, ban da gogan naka.

Wata rana Kuluwa ta nemi madubinta ta rasa. Ashe Nomau ya sayo ƙanƙara wurin mai shago, ya haƙa ramuka a fakon ya zuba ta don kada ta sulale, yana bin su ɗaya-ɗaya yana haska su da madubin. Ranar bai ga tuwo ba.

Wata rana kuma maƙeri ya yi ta cigiyar zugazuginsa, sai aka tarar da Nomau a durƙushe yana hura wa ramukan iska, gumi sharkaf. Da ya zo kan ƙananan halittu, sai ya kwaso kashin shanu mai cike da gara ya danƙara a kowane rami. Kuluwa ta ce mijin nan nata sai addu'a.

Wata rana da ruwan shuka ya sauka, Nomau ya watsa gero daga nesa, ya kewaye fakon da ƙaya. Ba mutum, ba akuya, har shi kansa. Barmo ya zo dubawa, Nomau ya tare shi ya ce lokacin ɗan Adam bai yi ba.

To, ramuka suka riƙe ruwa, gara ta huda ƙasa, taki ya ruɓe, awaki ba su samu shiga ba. Da kaka gero ya fi Barmo tsawo, maganar bulo ta mutu.

Hansatu ta zo ta gani, ta ce gaskiya watannin can da sauran aiki, ƙila ma ba za su gyaru ba. Nomau ya tausaya wa masanan ƙwarai, ya ce, "Ki faɗa musu kada su karaya. In madubi ne matsalar, su tambayi matansu tukuna kafin su ɗauka."