Za Ta Girma Ta Tarar da Ita

"Lafiya lau, Kawu Obrad, sai dai ciwon kai. Ga shi nan ma yana shigowa," in ji Nevena, tana nuna ƙofar shagon da leɓe.

Ciwon kan kuwa kakanta ne, Deda Stojadin, wanda ya turo ƙofa da kafaɗa yana huci. Da safe suka yi za su haɗu, sai da rana ta take ya iso, gashin bakinsa na ƙyallin man burek, sambusar naman da ya ci a hanya. Takaici ya riga ya cika Nevena. A kulob ɗinsu na harbi a Kragujevac bindigar iska ɗaya yara ke karɓa-karɓa, kowa ya murɗa saitin yadda ya ga dama. Ranar Asabar za a zaɓi masu zuwa gasa a birnin Novi Sad, kocinsu kuma ta ce mai son shiga ta zo da bindigar da ta dace da jikinta. Deda ya bugi ƙirji ya ce shi zai saya. Tun ranar Nevena ta san ta shiga uku.

"Wa ake kira ciwon kai? Obrad, ka ga ɓeran nan? Jiya-jiya nake share mata majina."

"Yau kuma ni ke nemo maka haƙoranka a ƙarƙashin gado. Mun yi canjaras."

"Haƙoran nan sun fi ki amfani."

"Shi ya sa suke gudunka."

Obrad mai shagon, wanda ya saba da su, ya juya wajen kantar bindigogi. Ya sauko da wata gajeruwar bindiga mara nauyi ya miƙa wa Nevena. Tana ɗora ta a kafaɗa ta ji ta zauna daram, kumatunta ya kwanta daidai inda ya kamata. Har ta fara murmushi.

"Wannan kuma mece ce? Muciya?" Deda ya nuna can sama. "Sauko da waccan doguwar. Za ta girma ta tarar da ita."

Nevena ta runtse ido. Maganar nan ta bi ta tun tana rarrafe. A wurin Deda, saya wa yaro abin da ya yi masa daidai almubazzaranci ne tsantsa. Ta sa takalmin da aka cusa wa jarida a gaba, ta hau keken da sai a tsaye take iya tuƙawa.

"Deda, rigar sanyin da ka saya min tun ina aji ɗaya, har yau ban ga yatsuna ba."

"Amma kin taɓa jin sanyi?"

"Ina! Har ƙawayena biyu nake ragewa hanya a cikinta."

"To kin gani. Ni na san kaya. A masana'anta na tsufa, ƙarfe ba ya yi min ƙarya."

"A ɓangaren mota ka yi aiki. Kujeru kake ɗaurawa."

"Katanga ɗaya ce tsakaninmu da masu ƙera bindiga! Kullum ina jin ƙararsu."

"Ni ma kullum ina jin ƙararrawar coci, ban zama fada ba."

"Ji rashin kunya! Ni da na harbo hankaka daga ƙetaren kogin Lepenica, ido ɗaya a rufe, ɗayan yana karanta jarida?"

"Hankakan nan na gan shi jiya. Ya ce in gaishe ka."

Deda ya fizge doguwar daga hannun Obrad. Ya ce a yi gwajin da ubansa ya koya masa: a sa gindin bindiga a lanƙwasar gwiwar hannu, in yatsa ya kai kunama to ta yi. Aka sa. Yatsan Nevena ya tsaya can baya yana lilo.

"Miƙe shi! Lalaci ne."

"Yatsa ne, Deda, ba roba ba."

"Ki dage da cin wake, kafin baɗi zai kai."

"Asabar ɗin nan ce fa! Asabar!"

"To su jira ki. Novi Sad ba gudu zai yi ba."

Obrad ya yi gyaran murya ya ce akwai wurin gwaji a bayan shago. Suka bi shi wani dogon lungu, takardar da ake auna harbi a kanta na rataye a ƙarshensa. Nevena ta sa ƙwayar dalma ta ɗaga doguwar. Nauyin ya ja ta gaba, ta banƙare don ta tare shi, bakin bindigar yana ta zana da'ira a iska. Ta ja kunama. Ƙwayar ta bugi gefen allo, ko takardar ba ta shafa ba.

Ta ajiye bindigar a hankali.

"Bar shi kawai," in ji ta, hawaye na taruwa a idonta. "Zan koma kan ta kulob. Su zaɓi wata."

Deda ya tsani hawaye, don bai san inda ake kama su ba. Sai ya ɗaga murya.

"Bindiga lafiyarta ƙalau, maharbin ne ɓera! Matsa ki ga yadda maza ke yi."

Ya ɗaga ta da ƙyar. Bayansa da ya ranƙwafa ya ƙi miƙewa, hannuwansa suka hau kaɗawa, tabarau ya zamo kan hanci. Tasa ƙwayar rufi ta nufa, garin farar ƙasa ya zubo masa a hula.

"Iska ce," in ji shi.

"A cikin ɗaki?"

"Numfashinki ne. Obrad, ba ni muciyar nan in nuna mata ba ta da wani amfani."

Ya ɗora gajeruwar a kafaɗa yana tsaki. Tsakin ya tsaya a rabi. Bindigar ta zauna masa kamar an auna shi aka sassaƙa, hannunsa ya daina rawa. Ya harba, ƙwayar ta huda baƙin tsakiya.

Nevena ta goge ido da bakin hannun riga, ta matso ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi. Sai yau ta lura kanta ya kai kunnensa.

"Deda, bara a hammatarka nake."

"Ke kika yi tsawo."

"Na yi. Kai ma ka sauko. Ina hawa, kana gangarowa." Ta dafa bindigar. "Sayi wannan. Ranar da ta yi min kaɗan, kai ka ƙanƙance ka tarar da ita. Ka ga babu asara ke nan."

Deda ya hau ƙirge da yatsu. Ya nemi inda lissafin ya karkace, bai samu ba, don nasa ne aka juyo masa. Dariya ta ƙwace masa har da tari, Obrad na bubbuga masa baya.

"Naɗe ta, Obrad. Amma ki sani tawa ce, aro na ba ki. Ki je ki ɓarar da mutanen Novi Sad, sannan ki yi sauri ki girma ki ba ni kayata. Ni ba jira zan yi ta yi ba."

Nevena ta rungume akwatin da hannu ɗaya, ɗayan ta cafke hannun rigarsa gam.

"Za ka jira, tsoho. Sai na ga dama zan girma."